Furar da Delu Ta Dama a Zuci

Shanyewar ɓarin jiki ta kama Delu ana tsakiyar girbin gero, a rugarsu da ke bayan Malisa, cikin ƙasar Gwandu. Ta sunkuya za ta ɗauki ƙwaryar nono, ƙwaryar ta kuɓuce mata. Bayan an sallame ta daga asibiti ƙafa ta dawo, magana ma ta dawo duk da harshen ya ɗan yi nauyi. Hannun dama ne ya ƙi. Yana kwance a cinyarta, yatsun a lanƙwashe, sai ta sa na hagu ta ɗaga shi.

Autarta, Ummulkhairi, tana aure a Kalgo. Mijinta Zayyanu ɗan masunta ne daga bakin gulbi wanda karatu ya kai shi ga ilimin kwamfuta. Yana aiki a wani ɗakin bincike na jami'a tare da wata likitar ƙwaƙwalwa, Dakta Halima Sadiya.

Aikinsu bai da wuyar faɗi. Idan mutum ya raya a ransa yana motsa hannu, ko da hannun bai motsa ba, ƙwaƙwalwa tana fitar da wata 'yar wutar lantarki mai rauni ƙwarai. Ana sa wa mutum hula mai wayoyi ta ɗauko wannan wuta ta kai kwamfuta. A cikin kwamfutar akwai manhajar da Zayyanu ya gina, irin wadda ake kira mai koyo mai zurfi. Ba a gaya mata ƙa'ida. Misalai ake tara mata masu yawa, a ce wannan tunanin sauri ne, wannan na sannu ne, har ta gano bambancin da kanta. In ta gano, sai a haɗa ta da wani maɗaurin hannu mai inji, wanda zai tura hannun majinyaci gaba ya dawo da shi da saurin da ya raya. Fatan Dakta Halima shi ne idan ƙwaƙwalwa ta yi ta ganin hannu yana bin umarninta, za ta iya buɗe sabuwar hanya zuwa gare shi.

“Ba alkawari na yi miki ba, Inna,” in ji likitar a ranar farko. “Wasu suna samun sauƙi, wasu ba sa samu. Maɗaurin kuma guda ɗaya gare mu, mutane na jira. Wanda manhajar ta kasa karanta tunaninsa, dole mu sallame shi.”

Delu ta ce ta ji.

Dalilin da ya sa ta yarda ta bar shanunta ta zo, ba ta taɓa faɗinsa kai tsaye ba. Cikin Ummulkhairi ya fara turo hijabi, kuma na fari ne. Duk jikokin Delu ita ta fara karɓarsu daga hannun ungozoma, ita ta yi musu wankan farko. Sau ɗaya kawai, a cikin bas tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi, ta dubi taga ta ce, “Ni ba ni karɓar ɗan mutum da hagu.” Ummulkhairi ta yi kamar ba ta ji ba.

A Kalgo, Delu ta ƙi sauka gidan surukinta. Ta sauka wurin ƙanwarta a Wurogauri, kullum da safe Ummulkhairi ta je da keke mai ƙafa uku ta ɗauko ta.

Sa hular aikin mata ne. Sai an tsefe kitso, an raba gashi, an ɗiga wani mai mai sanyi a ƙarƙashin kowace waya. Bayan an gama Delu takan yafa ɗankwalinta a kan hular, wayoyin su fito ta ƙeya kamar jelar kitso. Sannan ake kiran Zayyanu. Yakan cire takalmi a bakin ƙofa, duk da ɗakin aikinsa ne, ya durƙusa kansa a ƙasa.

“Inna, an tashi lafiya?”

Delu takan dubi bango. “Lafiya lau. Auta, ki ce mishi ya aiki.”

“Inna ta ce ya aiki,” in ji Ummulkhairi, tana danne dariya.

“Ki ce wa Inna aiki da godiya.”

Daga nan ya zauna a teburinsa, gefe da ita, ya kunna mata allo. A allon akwai hoton hannu yana miƙewa zuwa ga kofin shayi mai tururi. Idan gefen allon ya yi kore, ta raya a ranta tana miƙa hannu da sauri ta ɗauki kofin. Idan ya yi shuɗi, ta miƙa a hankali. Wannan hoton ake nuna wa kowa.

Delu ba ta taɓa ƙorafi ba. Tana zama cak, ba ta ƙifta ido sai an ce ta huta. Dakta Halima ta ce ba ta ga mai natsuwarta ba a cikin majinyatan.

Amma manhajar ta kasa. Wani tsohon direba da ke zuwa bayanta, tana gane saurinsa da sannunsa a mafi yawan gwaji. Wata malamar firamare ma haka. A kan Delu kuwa rabi daidai, rabi kuskure, tamkar mai canki-canka.

Zayyanu ya fara zargin kayan aiki. Ya sauya wayoyin hular. Ya kashe fanka. Ya daina ɗaukar gwajinta in janareta na aiki, ya koma kan batirin sola, don kada gurnanin wuta ya shiga cikin saƙon da hular ke ɗaukowa. Ya rage manhajar, ya ƙara mata, ya sake koya mata daga farko. Sakamakon bai motsa ba. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne saƙon yana nan. Ƙwaƙwalwar Delu tana motsa hannun a kowane gwaji, ana gani sarai. Kawai dai kore da shuɗi duk kamarsu ɗaya.

Wata ranar Alhamis, bayan majinyata sun tafi, Dakta Halima ta ja kujera kusa da teburinsa.

“Malam Zayyanu, ba don surukarka ba ce na ɗauke ta, kuma ba don surukarka ba ce zan bar ta.”

“Na sani, Dakta.”

“Akwai wani manomi daga Gwandu da ke jiran gurbi. In wata ya ƙare ba mu ga canji ba, shi zan kira.”

“Gaskiya ne.”

“Kai za ka gaya mata ko ni?”

Ya ce a bar masa, ko da yake bai san ta wace hanya zai bi ba, tunda bai taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba.

A ƙarshen makon Delu ta ce za ta je ta ga shanunta. Ummulkhairi da Zayyanu suka raka ta. Suka shiga bas daga Kalgo, suka sauya wata a Birnin Kebbi, suka sauka Gwandu da rana tsaka, daga nan mashin ya kai su rugar. An shimfiɗa wa Zayyanu tabarma a waje, ƙarƙashin bishiyar aduwa, inda yake zama duk lokacin da ya zo. Bai taɓa wuce zanar da ta kewaye ɗakin Delu ba.

Zanar ta tsufa, ta yi 'yan kafofi. Ba leƙe ya yi niyya ba, ƙarar ludayi ce ta ja idonsa. Delu tana zaune a ƙasa, ko mayafin tafiya ba ta cire ba. Ta tokare ƙwarya da ƙafafunta biyu, tana danna curin fura da bayan ludayi, da hannun hagu. Hannun bai saba ba, nono yana fantsama, amma tana yi da gaggawa, har kafaɗarta ta dama tana ɗan zabura tare da shi.

“Inna, ki kawo in dama,” in ji Ummulkhairi.

“Ɗauke hannunki. Mutum ya sha rana tun Kalgo, ki tsaya kina mini kawo-kawo.”

“To ai ni ma na sha ranar.”

“Ke baƙuwa ce?”

Ummulkhairi ta fito da ƙwaryar a rufe da faifai ta ajiye gabansa. Furar ba ta yi laushin da ya sani a da ba, akwai gudaji a ciki. Ya sha sosai.

“Inna ta sha?” ya tambaya.

Ummulkhairi ta dube shi sama da ƙasa. “Ɗan masunta dai ɗan masunta ne. Ku da kuke cin kifi da hannu biyu a gaban kowa. Yaushe ka taɓa ganin Inna ta kai abu baki kana kusa?”

“Ruwa ma?”

“Ko ruwa. Sai ka tafi masallaci tukuna.”

Zayyanu ya riƙe ludayin bai kai baki ba. Ya san wannan al'ada tun kafin ya yi aure. Shi ya sa ba ya tayin komai a gabanta, shi ya sa ya sa aka ɗauke butar shayin ma'aikata daga ɗakin gwaji a ranakun da take zuwa. Ya ɗauke butar gaske, ya bar kofi a allo.

“Ummu,” ya ce a hankali, “je ki tambayi Inna yadda take ɗaukar kofin nan idan allo ya yi kore.”

Ta shiga. Maganarsu tana fitowa ta kafofin zanar.

“Inna, in an ce ki ɗauki kofin da sauri, da sauri kike ɗauka?”

“Ina ɗauka.”

“Da sauri?”



“Ina ɗauka yadda mutum ka ɗauka.”

“Inna!”

“Mi kike so in yi? Shina zaune nan gefena, in wawuri kofi kamar wadda ta kwana da yunwa?”

“Ai a zuci ne, Inna. Ba wanda ke gani.”

“Ba ku kun ce na'urar tana gani ba?”

“Tana gani.”

“Shi kuma ba ita yake kallo ba?”

A waje, Zayyanu ya sunkuyar da kai kamar tana gabansa. Babu kuskure a lissafinta. Shi ne ya yi makonni yana ce wa manhajar wannan sauri ne, alhali duk abin da ya ba ta sannu ne. Ta nemi bambanci ba ta samu ba domin babu shi.

“To, in ya fita daga ɗakin fa?” in ji Ummulkhairi.

“In ya dawo ba shi dubawa?”

“Zai duba.”

“To.”

A hanyar komawa, a cikin bas, Ummulkhairi ta ce masa ya ba wani ya riƙa duba sakamakon. Ya ce babu wani. Shi kaɗai ke koya wa manhajar, kuma ba zai yi wa Inna ƙarya a kan abin da ke fita daga kanta ba. Suka wuce gonakin da aka sassabe. Can ya ce, “Amma kin ga yadda ta dama furar nan?”

“Na gani. Ta kusa fasa ƙwarya.”

“Gaba da baya take danna ludayin. Hanyar da maɗaurin ke bi ke nan.”

Ummulkhairi ta juyo ta dube shi.

“Ba ta karɓa da sauri a gabana,” ya ce. “Amma tana bayarwa.”

Dakta Halima ta saurare shi ranar Litinin har ya gama. Ta ce ƙa'idar binciken hoto ɗaya ce ga kowa, kuma in an sauya wa mutum ɗaya dole a bayyana shi a rahoto, a ware sakamakonta daban. Ya ce ya yarda. Ta ce wa'adin ƙarshen wata yana nan yadda yake. Ya ce ya yarda da wannan ma. Sai ta ɗan yi tunani ta ce akwai wani dattijo da suka sallama a bara wanda ɗansa ne ke zama kusa da shi a lokacin gwaji, za ta sa a neme shi.

A tsakar gidan ƙanwar Delu a Wurogauri aka ɗauki sabon hoton, da wayar Zayyanu. Shi yana waje. Ƙanwar ce ta riƙe wayar. Hannun Ummulkhairi ne zai fito, da ƙwaryar Delu da ludayinta, waɗanda aka aiko daga Malisa. Delu tana zaune a kan turmi tana duba aiki.

“Wanga damu ne ko faɗa da ƙwarya?”

“Inna, ai saurin ke nan.”

“Sauri daban, hauka daban. Baƙo ya iso, rana ta buge shi, ki yi maza amma kada ki zubar. Sake.”

Ummulkhairi ta sake.

“To na sannun fa, wa ake dama wa?”

“Marar lafiya. Wanda maƙogwaronsa bai son gudaji. Ki bi curin har ya mutu. Ke dai mijinki na da haƙuri.”

“Ai kifi ya sani, bai san fura ba.”

Ƙanwar ta yi dariya har hoton ya girgiza, sai da aka sake ɗauka.

Aka koma ɗakin gwaji daga farko, domin duk misalan da aka tara a baya ba su da amfani. Tsefe kitso, mai mai sanyi, hula, ɗankwali, gaisuwa ta bakin Ummulkhairi. Bambancin kawai shi ne abin da ke allo, da kuma abin da Dakta Halima ke faɗa kafin a fara.

“Inna, in ya yi kore, baƙo ne ya iso daga nesa. In ya yi shuɗi, marar lafiya ne.”

“Wane baƙo?” in ji Delu.

Likitar ta dubi Zayyanu. Zayyanu ya dubi kwamfutarsa.

“Wanda kika ga dama, Inna.”

Delu ta gyara zama.

Kwanaki suka yi suna tarawa, wata yana ƙarewa. Zayyanu bai duba komai ba sai da misalan suka isa. Ya ba manhajar kashi mafi yawa ta koya, ya ɓoye mata saura don jarrabawa, kamar yadda yake yi wa kowa. Da sakamakon ya fito ya karanta shi. Ya juya allon wajen Dakta Halima. Ta sa tabarau ta duba. Manhajar tana gane uku cikin huɗu, wani lokaci fiye.

“Bai kai na direban ba,” in ji ta.

“Bai kai ba.”

“Amma ya wuce abin da muke nema. A kawo maɗaurin.”

Da safiyar da aka ɗaura mata, Ummulkhairi ce ta ɗaga hannun ta kwantar da shi a cikin maɗaurin, ta miƙe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ja maɗaurai biyu a tsintsiyar hannu da ƙasan gwiwar hannu. Delu ta kawar da kai, kamar yadda take yi duk lokacin da aka taɓa hannun.

Allon ya yi kore. Aka ɗan jira. Injin ya yi wata 'yar ƙara, hannun ya tafi gaba ya dawo, ya sake tafiya ya dawo, da hanzari, ba tare da fizga ba.

Delu ta juyo. Ta daɗe tana kallonsa.

Allon ya yi shuɗi. Hannun ya tafi a hankali, kamar yana bin curi a gefen ƙwarya. A gwaji na gaba manhajar ta yi kuskure, ta yi sauri inda ake son sannu, Delu ta ce, “A'a, ba haka na ce ba,” cikin muryar da take yi wa maraƙi tsawa. Dakta Halima ta yi dariya, abin da ba ta cika yi a wurin aiki ba. Kore ya sake zuwa, hannun ya yi maza.

Aka tsaya hutu. Delu ta mai da fuskarta ga bango.

“Auta.”

“Na'am, Inna.”

“Ki ce mishi ya sha. Wannan babu gudaji.”

Ummulkhairi ba ta iya maimaitawa ba. Ta sa bakin hijabi ta rufe hancinta. Zayyanu ya sauko daga kujera ya durƙusa a inda ya saba.

“Ki ce wa Inna na sha. Allah shi saka da alheri.”

Dakta Halima ta cire tabarau ta ce Delu za ta ci gaba da zuwa, ita kuma za ta nema wa manomin Gwandu lokacin yamma. Ta sake tuna mata cewa ba alkawari ba ne. Hannu yana iya farfaɗowa, yana iya ƙi, kuma ko ya farfaɗo zai ɗauki watanni. Delu ta ce ta ji, kamar yadda ta faɗa a ranar farko.

Ummulkhairi ta matso za ta kwance maɗaurin, Delu ta tsai da ita da hannun hagu.

“Likita.”

“Na'am, Inna.”

“Abin nan, shina iya koyon wanda ya fi wanga sannu?”

“Fiye da na marar lafiya?”

“Fiye. Sannu ƙwarai.”

“Zai iya, in mun tara masa misalai. Na mene ne, Inna?”

Delu ta saci kallon cikin autarta. Ta ci gaba da kallon hannunta a cikin maɗaurin. Ummulkhairi ta juya wajen taga, ta ja hijabinta ya sauka sosai a gabanta.

Zayyanu ya koma kujerarsa. A cikin manhajar, ƙarƙashin sauri da sannu, ya buɗe gurbi na uku. Bai sa masa suna ba tukuna.